Zan kama ɗaki a Peckham: unguwar talakawa ce har yanzu, ko ta zama ta masu kuɗi?

Ummu Hanan ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Kaduna. Allah ya sa na samu aiki a wani asibiti a kudancin Landan, in sha Allahu bayan ƙaramar salla zan taso. Asibitin zai ba ni masauki na ɗan lokaci, daga nan sai in nemi nawa. Da na duba taswira sai na ga Peckham ce ta fi kusa, tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa.

To amma magana biyu nake ji, kuma ba su haɗu ba. Ƙanwar mahaifiyata ta zauna a Landan wajen shekarar 2000 lokacin mijinta yana karatu. Ina ambata mata sunan unguwar sai ta kama salati, wai matattarar 'yan daba ce, wai a can aka kashe yaron nan ɗan Najeriya, in rufa mata asiri in nemi wani wuri. Ni kuma da na shiga shafukan dillalai, ɗaki ɗaya tal, kicin da banɗaki na haɗaka, fam 950 har 1,100 nake gani a wata, ga hotunan Turawa suna shan iska a kan rufin bene. Unguwar 'yan daba ce ake haya haka?

Don Allah wanda ya san wurin ya faɗa mini gaskiya. Mace mai hijabi da za ta riƙa tashi daga aiki da daddare za ta iya zama? Akwai masallaci da naman halal da kayan miyarmu?

Ɗan Fagge ya amsa:

Wa alaikumus salam. Anti, Peckham cefane ake zuwa yi yanzu, ba zama ba. Duk mutanenmu sun yi gabas: Woolwich, Plumstead, Thamesmead, Abbey Wood, wasu har Dartford da Chatham. Tun da jirgin Elizabeth ya iso Woolwich a 2022 ma nan ɗin ya fara tsada, amma da sauƙi a kan can. Albashin nas na farko in kika ba da dubu ɗaya haya, me za ki ci, me za ki tura gida? Shawarata ke nan.

Baba Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya kawo ki lafiya.

Gwaggonki ba ta yi ƙarya ba, dillalan ma ba su yi ba. Ita Peckham ta 2000 ta sani, su kuma ta yau suke sayar miki. Ni tun ƙarshen shekarun 1980 nake cikinta, bas na tuƙa a garejojin wannan yanki har na ajiye aiki, don haka ki yi haƙuri da tsawon magana, tsoho in ya samu mai saurare sai a hankali.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne wannan ba shi ne karo na farko da kuɗi ya shigo Peckham ba. Asalinta ƙauye ne na lambuna, sunanta yana cikin kundin ƙidayar filaye na 1086, kuma masu koro shanu daga Kent a nan suke yada zango kafin su shiga kasuwar birni. A 1826 aka haƙo hanyar ruwa ta iso garin, jiragen ruwa masu ɗauke da katako suka riƙa shigowa daga tashar ruwa ta Surrey. A 1851 wani mutum Thomas Tilling ya fara jigilar mutane da keken doki daga Peckham zuwa Oxford Street. Mu direbobi muna alfahari da wannan, don kusan layin da bas mai lamba 12 yake bi ke nan har gobe. Jirgin ƙasa ya iso tashar Peckham Rye a 1865. Daga nan akawuna da masu shaguna suka cika wurin, aka gina jerin gidajen jan bulo da kike gani a hotuna. Kantin Jones & Higgins da aka buɗe a 1867 ya girma har ya cinye bakin titin Rye Lane, mutane daga duk kudancin Landan suna zuwa sayayya. Hasumiyar agogonsa tana nan tsaye, in kin zo ki ɗaga kai a mahaɗar Rye Lane da Peckham High Street za ki gan ta.

Sai arziki ya juya baya. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka rusa tituna da yawa. Tashar ruwa ta Surrey ta rufe a 1970, aka cike hanyar ruwan da ƙasa, yanzu hanyar ƙafa ce da take kai mutum Burgess Park. Masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin biskit na Peek Freans da ke Bermondsey, wanda ya ɗauki mata da yawa na wannan yanki aiki, ya rufe a 1989, ina nan aka yi. Jones & Higgins kuwa tun 1980 ya rufe. Turawan da suke da hali suka tattara suka koma Kent da Bromley. Wa ya maye gurbinsu? Mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan da suka fara zuwa tun bayan 1948, 'yan Ailan, Turkawan Saifurus, 'yan Biyetnam, sai mu. 'Yan Najeriya sun fara da ɗalibai tun shekarun 1960, amma tururuwar ta zo ne bayan 1986, lokacin da tsarin SAP na Babangida ya karya naira. Yawancinsu Yarabawa ne, shi ya sa ake ce wa wurin ƙaramar Legas. Mu Hausawa ba mu taɓa yawa ba; a masallaci da wajen mai tsire muke gane juna, mu da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Accra.

Ki riƙe wannan da kyau: mun samu wurin ne saboda ba wanda yake so. Gidan da Bature ya gudu ya bari, shagon da ya yi shekaru a kulle, su muka shiga. Ba alfarma aka yi mana ba.

Yanzu ga Peckham ɗin gwaggonki. A arewacin unguwar akwai wani rukunin gidajen kansul, wato gidajen haya masu sauƙi na ƙaramar hukuma, da ake kira North Peckham Estate, an gina shi tsakanin shekarun 1960 da 1970, benaye 65, gidaje sama da 1,400, an haɗa su da dogayen barandu a sama ta yadda za ki yi tafiya mai nisa ƙafarki ba ta taɓa titi ba. Masu zanen sun ce don yara su tsira daga mota. Abin da ya faru, barandun suka zama hanyar ɓarayi da masu sayar da ƙwaya: mutum ya fizge jaka ya shige lungu, ɗan sanda bai san ta inda zai bi ba. Fitilu a mace, lif yana warin fitsari, mai tasi in ka faɗa masa adireshin sai ya ce a bakin titi zai ajiye ka. Na zauna a ciki da iyalina, ba labari aka ba ni ba. Amma kuma a cikin wannan wurin ne maƙwabciyarmu 'yar Jamaika take riƙe mana yara in ni da uwarsu duk muna aiki, a cikinsa ake adashi, a cikinsa in an yi rasuwa kafin la'asar an haɗa kuɗin kai gawa gida. Rio Ferdinand, ɗan ƙwallon da ya buga wa Manchester United, a wani rukunin gidajen kansul na Peckham ya tashi. John Boyega ɗan fim ma ɗan unguwar ne.

Yaron da gwaggonki take nufi Damilola Taylor ne, Allah ya ba iyalansa haƙuri. Shekararsa 10, watanni kaɗan da zuwansa daga Legas. Ranar 27 ga Nuwamba 2000 ya taso daga laburare zai koma gida, aka yanke shi a cinya da fasasshiyar kwalba, jini ya ƙare masa a matattakalar wani bene a cikin rukunin nan. Sai 2006 aka samu wasu 'yan'uwa biyu da laifin kisan. Abin da ya fi ci mini rai, laburaren da ya fito daga ciki sabo ne fil, a wannan shekarar aka buɗe shi, a wannan shekarar ya ci kyautar Stirling, wadda ta fi kowace girma a harkar zanen gini a Birtaniya. Tsakanin ginin da ake ta yabo a jaridu da matattakalar da yaron ya faɗi tafiyar 'yan mintuna ce.

Tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara aikin rushe rukunai biyar na arewacin unguwar, har da namu, bayan mutuwar yaron aka ƙara himma. An yi gidaje masu ƙofa a bakin titi, an yi wurin iyo, an gyara fili. Ba zan ce ba a yi abin kirki ba. Sai dai gidajen kansul da aka mayar ba su kai waɗanda aka rushe ba, wasu aka sayar, wasu aka ba ƙungiyoyin gidaje, mutane da yawa aka kai su wasu unguwanni ba su dawo ba. Ni Allah ya taimake ni aka ba ni wani a nan kusa, shi ya sa nake nan har yau. Da hayar ɗan kasuwa nake, da tuni ina Chatham tare da abokaina.

Masu kuɗi ba da rana ɗaya suka shigo ba. Masu zane ne suka fara, don kwalejin zane ta Camberwell da jami'ar Goldsmiths duk suna maƙwabtaka da mu, ga tsofaffin masana'antu a banza, haya ba tsada. Ginin Bussey da ke bayan Rye Lane, inda da can ake ƙera sandunan wasan kurket, an so a rushe shi a yi garejin taragu, mutanen unguwa suka tashi suka hana, ya zama wurin kiɗa da zane. Wajen 2007 wasu suka fara baje zane-zane a saman benen ajiye motoci da ba mai amfani da shi, bayan shekara biyu aka buɗe mashaya a rufinsa; hotunan da kika gani ke nan, daga can ana hango duk tsakiyar Landan. A titin Bellenden kansul ta gyara fuskokin shaguna, har turakun bakin titi wani shahararren mai sassaƙa, Antony Gormley, ya zana su. Duk wannan muna kallo muna dariya, muna cewa yaran Turawa da wasa.

Abin da ya gama magana jirgi ne. A Disamba 2012 layin Overground ya iso Peckham Rye da Queens Road. Da can Peckham ba ta cikin taswirar jiragen da kowa yake dubawa, in ba ka san bas ba ba ka san hanya ba. Rana ɗaya sai ga ta a taswira, ga Shoreditch kai tsaye, ga Clapham Junction, ga Canada Water inda ake canjawa zuwa bankunan Canary Wharf. A 2017 jaridar Sunday Times ta ce nan ne wurin da ya fi daɗin zama a Landan. Mu da muka san lokacin da mai tasi yake ƙin shiga, sai muka dubi juna. Gidan jan bulo na wajen Bellenden da Bature ya gudu ya bari, yau a ce fam miliyan ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Ga abin da yake damuna, 'yata. Fitila a titi, 'yan sanda masu zuwa in an kira, jirgi mai zuwa a kan lokaci, makaranta mai kyau: duk mu muka yi shekaru muna roƙo, muna zuwa taro a zauren coci da daddare bayan mun tashi aiki. Da abin ya zo, sai ya zo da kuɗin haya wanda masu roƙon ba za su iya biya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Ya'yana a nan aka haife su, dukkansu suna aiki, ba wanda ya iya kama gida a unguwar da ya yi firamare.

Game da tsaro, ba Peckham ɗin gwaggonki ba ce. Rikicin wuƙa tsakanin samari bai ƙare ba, amma yawanci tsakaninsu ne. Abin da za ki kiyaye masu fizgen waya a kan keke, kada ki tsaya bakin titi kina latsawa. Hijabi kuwa ba wanda zai kalle ki sau biyu. Akwai masallaci a Choumert Grove, 'yan taku kaɗan daga Rye Lane, kuma ƙungiyar Musulmin Najeriya ta daɗe da cibiyarta a Old Kent Road. Mahautan Rye Lane kusan duk halal ne, 'yan Afganistan da Pakistan ne da yawansu, kuma za ki sha mamaki in kika ji suna kiran ganda da tumbi da sunan Yarbanci.

Hajiya Mai Kitso ta amsa:

Sannu Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma kai gidan kansul gare ka, bari mu 'yan haya mu faɗi namu.

Ƙanwata, ni daga zangon Kumasi nake, kitso nake yi a Peckham tun ina da ƙarfin tsayuwa daga safe har dare. In kin shigo Rye Lane ranar Asabar za ki rantse Kantin Kwari kika shiga ana jajibirin salla: doya a jibge, agade, manja, busasshen kifi, attaruhu a roba, mai wa'azin coci da lasifika, mai gyaran waya yana kiran ki. Ki lura da yadda shagunan suke. Shago ɗaya za ki ga mutum huɗu: a bakin ƙofa mai waya da ɗan akwatin gilashinsa, ciki mai aika kuɗi gida, can baya tela, mu masu kitso kujera muke haya ta mako. Kowa yana ba da nasa ana haɗa kuɗin mai gida. Da haka wanda ya zo ba shi da jari yake fara sana'a. Wanda bai sani ba yana wucewa ya ce ƙazanta da cunkoso, bai san gida nawa ake ciyarwa daga wannan ƙofa ɗaya ba, a nan da can gida.

Shagon da na fi daɗewa a ciki, da yarjejeniyar haya ta ƙare mai ginin ya ce zai ninka kuɗi. Matar da take riƙe da shagon ta ce ba za ta iya ba, aka ba mu notis, muka kwashe madubai da na'urar busar da gashi a motar wani ɗan'uwa. Yanzu wurin ana sayar da burodi mai tsami da kofi, kuɗin burodi ɗaya ya sayi doya biyu. Ba na jin haushin yaran da suke aiki a ciki, suna gaishe ni ma. Amma ba na shiga.

Da aka tashi gyara gaban tashar jirgi, masu kitson Blenheim Grove da yawa aka mayar da su wani sabon wuri da ake kira Peckham Palms, an buɗe shi a 2019. Wurin yana da tsabta, ba ƙarya. Sai dai sana'armu ta bakin hanya ce. Mace ta sauko daga jirgi, kin ga kanta ya tsufa, kin ce "Anti, zo in gyara miki", ciniki ya faɗa. In an sa ki a lungu sai wadda ta san ki. Ga shi kwastomominmu ma sun yi nisa, wadda take zuwa duk wata yanzu daga Gravesend take tahowa, sai biki ko salla.

Ɗakin da nake kwana ma sau biyu ana tashi na da takardar notis ta wata biyu wadda a lokacin mai gida ba sai ya faɗi dalili ba. Ba don na ƙi biya ba, don ya samu wanda zai fi ni.

Abban Sumner Road ya amsa:

Baba, Hajiya, ina gaisuwa. A gafarce ni in Hausata ta karkace, a Peckham aka haife ni, a bakin Umma na koya. Tsara birane na karanta, kuma ina so in ɗan saɓa wa masu zagin 'yan kofi, don a wajen abokaina ma kullum maganar ke nan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Yarinyar da take shan kofi a Bellenden ita ma haya take, su huɗu a gida ɗaya, rabin albashinta yana tafiya wurin mai gida, kuma tsadar haya a unguwar Hackney ce ta kore ta ta zo nan. Ba ita ta sayar da gidajen kansul ba.

Dokar 1980 ta zamanin Firayim Minista Thatcher ce ta ba mazauna gidan kansul damar saye da rangwame, wanda daga baya a kan gidajen bene ya kai har kashi 70 cikin 100, kuma ba a bar ƙananan hukumomi sun mayar da kuɗin sun gina wasu yadda ya kamata ba. Da yawan gidajen nan yanzu suna hannun 'yan kasuwa, ana ba da hayarsu ɗaki-ɗaki. Anti Ummu Hanan, ba mamaki ɗakin fam 950 da kika gani tsohon gidan kansul ne. A yau iyalai sama da 15,000 ne suke layin jiran gida a ƙaramar hukumar Southwark da Peckham take ciki.

Ku dubi Elephant and Castle, nan kusa da mu. Rukunin Heygate gidaje sama da 1,200 ne, aka rushe tsakanin 2011 da 2014, aka sayar wa kamfanin Lendlease filin a kan fam miliyan 50. An gina gidaje fiye da ninki biyu a wurin, amma waɗanda ake haya a farashin kansul ba su kai 100 ba. Shi ya sa mutanen Peckham suka tashi tsaye a kan Aylesham Centre, kasuwar da aka gina a filin Jones & Higgins ɗin da Baba ya ambata. Kamfanin Berkeley ya kawo tsarin gidaje kusan 870, da farko ya ce kashi 35 cikin 100 za su zama masu rangwame, a ƙarshen 2024 ya mayar da shi kashi 12. A irin wannan takarda ake yanke wa zai zauna a unguwa, ba a shagon burodi ba.

Abin da Hajiya ta faɗa a kan shaguna kuwa har bincike an yi. Wata malama a jami'ar LSE, Suzanne Hall, ta bi Rye Lane shago-shago a 2012, shaguna 199, ta tarar masu su sun fito daga ƙasashe sama da 20, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna jin harshe huɗu ko fiye. Amma in ana zana makomar titin, ba kasafai ake lissafa wannan a matsayin arziki ba.

Abu ɗaya da ba na so shi ne a riƙa yi wa da kirari. Ni na tashi ina jin Umma tana hana mu bin baranda bayan magariba. A tarzomar Agusta 2011 ina kallo aka farfasa shagunan Rye Lane, washegari mutane suka cika katakon da aka rufe wani kanti da 'yan takardu kowa yana rubuta abin da ya sa yake son unguwar. Masu rubutun nan su nake so su ci gyaran, ba wai a fasa gyara ba.

Alhaji na Gravesend ya amsa:

Ni dai ina cikin waɗanda suka saya da rangwame, na sayar bayan jirgi ya zo, kuma ban ga laifina ba. Na sayi gida mai fili a nan, na gina wani a Kano, na aurar da 'ya'ya mata biyu ba bashi. Shekara da shekaru muna zaune ba wanda yake kallon gidajenmu da daraja, ranar da suka yi daraja kuma sai a ce kada mu ci? Malam Direba, kai ma da ka saya da yanzu wani zance ake.

Baba Direba ya sake amsawa:

Alhaji, Allah ya sanya albarka, ba wanda ya ce ka ci haram. Doka ta ba ka, ka karɓa. Amma ka san gidan da ka sayar yanzu mutum nawa ne a ciki, kowa da kwaɗonsa a ƙofar ɗaki? Maganata da ta yaron nan Abba ɗaya ce: wanda ya mallaka ya ci riba, wanda yake gidan kansul ya tsira da wurin kwana, ɗan haya irin Hajiya shi aka bari a rana. Kuma duk wanda zai zo yau, kamar wannan yarinya, a layi na uku zai shiga. Ni nawa in na mutu ya koma hannun kansul a ba wani, hakan ya fi kwanta mini.

'Yata, ga abin da za ki yi. Ɗan Fagge ya yi gaskiya a kan tsada, amma ki haɗa da kuɗin jirgi da wahalar tashi daga aikin dare ki kama hanyar awa guda. Ki duba Nunhead, Camberwell, New Cross da wajen Queens Road, sau da yawa sun ɗan fi tsakiyar Peckham sauƙi, kuma bas 12 da 36 ba sa kwana. Kada ki tura wa kowa ko fam ɗaya daga Kaduna kafin ki ga ɗaki da idonki, masu damfara da hoton gidan wani sun yi yawa. In haya ce ta sosai, doka ba ta yarda a karɓi kuɗin ajiya fiye da na mako biyar ba, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi ya ba ki shaida. In kuwa a gida ɗaya za ki zauna da mai gidan, wannan kariyar ba ta hau kanki ba, sai ki sa a rubuta komai. Ki tambayi nas-nas ɗin da za ki tarar a wurin aiki, ɗaki mai kyau a bakinsu ake jin sa kafin ya hau intanet.

Ummu Hanan ta rubuta:

Baba, Hajiya, Yaya Abba, Alhaji, Ɗan Fagge, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan zauna a masaukin asibiti in zagaya da ƙafata tukuna. Hajiya, me zan ɗauko daga gida wanda ba a samu a can?

Hajiya Mai Kitso ta amsa:

Daddawa ta ƙwarai, kuka, busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli. Ana samun su a nan amma na Yarabawa ya fi yawa, ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Ki ɗaure su da kyau a leda biyu don kada kayanki su ɗauki wari. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa kada ki soma, an hana shigowa da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Ki zo da takalmi mai rufi da rigar sanyi ko ɗaya ce, sauran ki saya a nan. In kin sauka ki yi mini magana ta akwatin saƙo in kai ki wurin mahaucin da ba ya cika wa mutum ƙashi.